Kalmar swallowtail: suna ce ko siffa, kuma me za mu kira ta da Hausa?

Mai Fassara:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimakonku a kan kalmar Ingilishi swallowtail, wadda ta fito a wurare da yawa cikin wani littafin kimiyyar halittu na 'yan sakandare da nake mayarwa Hausa. Ƙamusun da ke hannuna sun ce sunan wani malam-buɗe-littafi ne mai wutsiya a rabe biyu, kuma an haɗa kalmar ne daga sunan tsattsewa da kalmar wutsiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a cikin hotunan da aka jera ƙarƙashin wannan suna akwai waɗanda ba su da ko alamar wutsiya, sannan ƙamusun sun ba kalmar wasu ma'anoni da suka shafi tufa da tuta. Shin in rubuta "malam-buɗe-littafi mai wutsiyar tsattsewa" a ko'ina in huta, ko kuwa akwai ramin da ban hango ba?

Malamin Halittu:

Wa alaikumus salam, Malama. Ramin yana nan, kuma mai zurfi ne. Da farko dai, malam-buɗe-littafi ba shi da wutsiya kwata-kwata. Yana da fikafikai huɗu, biyu a gaba biyu a baya, kuma abin da ake kira wutsiyar wani ɗan siririn tsawo ne da ke fita daga gefen kowane fiffiken baya. Kowane fiffiken baya tsawo ɗaya yake da shi. Sai ƙwaron ya baje fikafikansa, tsayin dama da na hagu suka sauka gefe da gefe da rata a tsakani, sannan mai kallo zai ga kamannin jelar tsattsewa mai tashi. Saboda haka fassarar ƙamus da ta ce wutsiyarsa ta rabu biyu tana faɗin abin da ido ya gani ne, ba yadda jikin yake ba.

Na biyu, masana sun ɗauki wannan kalma sun ɗora wa dangi guda sukutum, wato Papilionidae, wanda Bafaranshen nan Pierre André Latreille ya raɗa wa suna a 1802, kuma yana da nau'i sama da 550 a duniya. Ba wutsiya ce ke shigar da ƙwaro cikin dangin ba. Babbar shaidar tana jikin tsutsarsa, kafin ta rikiɗa. Duk wanda ke son gani da idonsa ya nemi bishiyar lemo ya duba ganyenta. Zai iya samun wata 'yar tsutsa mai baƙi-baƙi da ɗigon fari a tsakiyar baya, kwance a saman ganye tamkar kashin tsuntsu, wadda in ta girma takan koma kore shar. Idan ya ɗan taɓa bayanta da tsinke, nan take za ta ɗaga kai, wani nama mai laushi, mai baki biyu, ruwan lemo ko ja-ja, ya fito daga bayan kanta yana fitar da wari mai hawa kai, bayan ɗan lokaci kuma ta mayar da shi ciki kamar ba a yi ba. Wannan gaɓa ita ake kira osmeteriyom, kuma tsutsotsin wannan dangi ne ke da ita. Wata alamar kuma ita ce yawancinsu ba sa daina kaɗa fikafikai ko da suna tsotsar fure.

To, ga inda abin yake da ban dariya. Tsutsar da na kwatanta ta Papilio demodocus ce, wanda ya bazu a kusan duk ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kuma Turawa na kiransa swallowtail na lemo, alhali babbansa ba shi da wutsiya. Papilio antimachus na dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wanda ya fi kowane malam-buɗe-littafi girma a nahiyar, da faɗin fikafikai da kan wuce santimita 20, shi ma ba shi da ita. Haka Ornithoptera alexandrae na Papua Sabuwar Gini, mafi girma a duniya, wanda faɗin fikafikan macensa ke kaiwa santimita 25 har ya ɗara. Manyan gidan nan biyu duk babu mai wutsiya a cikinsu. In kika rubuta "mai wutsiyar tsattsewa" ƙarƙashin hoton ɗayansu, ɗalibi zai ɗauka an yi kuskuren hoto a maɗaba'a.

Tsohon Malamin Hausa:

Na karanta bayanin Malam na kuma ƙaru, amma ban yarda da inda ya nufa ba. Suna ba ya rantsuwa cewa zai faɗi gaskiya. Shi kansa malam-buɗe-littafi ba malami ba ne, bai taɓa buɗe littafi ba, amma babu Bahaushen da ya taɓa kai ƙarar sunan, domin kowa ya ga yadda yake buɗe fikafikai yana rufewa ya san inda aka dosa. Muna cewa tauraruwa mai wutsiya, kuma masana sararin sama sun gaya mana cewa ba tauraruwa ba ce, dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, wutsiyar kuma tururi ne da ƙurar da ke fita daga jikinta idan ta kusanci rana. Sunan bai hana kowa koyon wannan ba. Me ya sa za mu yafe wa Ingilishi abin da muke son hana Hausa?

Ita ma tsattsewar, ba kowace ke da doguwar jela a rabe ba. Akwai masu ɗan tsagi kaɗan, akwai masu jela a daidaice. Wadda aka yi kwatancen da ita ita ce Hirundo rustica, mai yin sheƙar laka a cikin gine-gine a Turai tana zuwa Afirka idan sanyi ya kama can, wadda gashin gefen jelarta biyu suka zarce sauran tsawo sosai. Ke nan tun daga tushe an ɗauki siffar wasu an yafa wa duka, kuma haka harshe yake aiki a ko'ina.

Gyara ɗaya kawai zan yi wa 'yata mai fassara. Ki bar kalmar wutsiya a wannan littafi. Littafin 'yan sakandare ne, kuma kowa a nan ya san ɗaya ma'anar da kalmar ke da ita a bakin mutane. Malamin da zai tsaya gaban aji yana maimaita ta sau goma zai ɓata rabin darasinsa wajen tsawatar da masu ƙyalƙyala dariya a baya. Muna da jela, muna da bindi. Ni jela ta fi kwanta mini a kunne idan ana maganar tsuntsu.

Malamin Halittu:

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar jela na karɓa hannu biyu. Amma misalan da ka kawo tsofaffin sunaye ne da suka riga suka daskare, har ba a jin ma'anar sassansu. Yaron da ya ce malam-buɗe-littafi ba ya tuna wani malami, kamar yadda yaron Ingila da ya ce swallowtail ba ya tuna tsuntsu. Sabon suna ba haka yake ba. Ranar da ɗalibi ya fara cin karo da "mai jelar tsattsewa" zai ji ta a matsayin bayani, zai kuma yi aiki da ita a matsayin ma'auni, ya fita yana duba jela.

Kuskuren kuma ta fuska biyu zai zo. Zai fitar da na gida, ya shigo da baƙi. Akwai rukunin Charaxes, masu ƙarfin tashi, da yawa a Afirka, waɗanda da dama cikinsu ke da jela bibbiyu a kowane fiffiken baya, amma dangin Nymphalidae ne, ba su haɗa komai da Papilionidae ba sai abin da ya haɗa kowane malam-buɗe-littafi da ɗan'uwansa. Akwai ƙananan nan na dangin Lycaenidae masu jela siririya kamar zare. Har cikin faɗa-wuta akwai masu jela. Wannan tarko ya kama manya ma, domin masanin ƙwari ɗan Ingila Dru Drury, lokacin da ya bayyana Chrysiridia rhipheus na Madagaska a 1773, mai sheƙi da jeloli, a cikin Papilio, wato rukunin malam-buɗe-littafi, ya sa shi, daga baya aka gane faɗa-wuta ne mai yawon rana. Abin da ya ruɗi masani a ƙarni na 18 ba zai ƙyale ɗan aji huɗu ba idan mu da kanmu muka miƙa masa sunan da ke cewa ya duba jela.

Mai Fassara:

Na gode muku duka biyu. Kafin mu ci gaba ina da tambayar da littafin bai amsa ba, kuma na san ɗalibai za su yi ta. Idan wasu na rayuwa lafiya ba tare da jelar ba, wane amfani take yi wa masu ita? Ina tambaya ne don in san ko siffa ce mai nauyi da ta cancanci a gina suna a kanta.

Ɗalibar Nazarin Ƙwari:

Malama, da izinin malamaina zan ɗan taɓa wannan. An daɗe ana zaton jelar tana karkatar da hankalin tsuntsu ne daga jikin ƙwaron zuwa wurin da asararsa ba ta kisa. A 2022 wasu masu bincike na gidan adana tarihin halittu na ƙasa da ke Paris suka wallafa aikin da suka yi a kan Iphiclides podalirius, wani mai dogayen jeloli na Turai. Sun tattara waɗanda suka kama a daji suka ga cewa ɓarnar da ke jikin fikafikansu ta fi yawa a wajen jela. Sun ƙera malam-buɗe-littafi na bogi masu fikafikai na gaske suka sa a gaban tsuntsaye, tsuntsayen suka fi kai sara wajen. Sun kuma gwada ƙarfin fiffiken suka samu cewa wajen jelar ya fi saurin yagewa. Wato tsuntsu ya cafka, a bar masa ɗan ƙyalle a baki, mai fiffike ya yi gaba. Ɗigon shuɗi da ja mai kama da ido da ke kusa da gindin jelar a jikin da yawansu yana ƙara jawo saran zuwa can.

Sai dai akwai nau'in da ke nuna cewa jela riga ce da ake iya tuɓewa idan an sami kariyar da ta fi ta, shi ne Papilio dardanus na Afirka. Namijinsa kamanni ɗaya gare shi a ko'ina, fari mai ɗan rawaya da baƙin gefe, da jelarsa. Matan kuwa a yawancin nahiyar ba su da jela, kuma sun kasu kamanni iri-iri, kowace tana kwaikwayon wani malam-buɗe-littafi mai ɗaci da tsuntsaye suka koyi gudu, kamar Danaus chrysippus da na rukunin Amauris. Waɗanda ake kwaikwayo ba su da jela, don haka mai kwaikwayo ma dole ta rabu da ita. Bambancin ya kai har an daɗe ana lissafa namiji da matan a matsayin nau'o'i daban-daban, sai a 1869 masanin ƙwari Roland Trimen ya nuna cewa abu ɗaya ne. A Madagaska kuwa matan suna kama da mazan, da jelarsu, a Habasha ma ana samun mata masu jela. Don haka a cikin nau'i guda, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗa na iya fitowa da jela 'ya ta fito babu. Ban ga yadda za a kira macen "mai jelar tsattsewa" ba tare da an ƙara dogon bayani ba.

Tela:

Ina gaida malamai. Ni ba masanin ƙwari ba ne, amma tunda Malama ta ambaci tufa, wannan fagena ne. A wurin masu ɗinki, swallowtail wata kwat ce ta Turawa wadda gabanta ke tsayawa a ƙugu, bayanta kuma ya sauka har wajen gwiwa, an tsaga shi biyu daga ƙugu zuwa ƙasa. Asalin yankan don hawan doki ne, gaban ba ya takura cinya, bayan kuma ya rabu ya sauka ta kowane gefe. Daga baya ta zama kayan manyan bukukuwan dare, ana sa ta da farar riga da farin ɗaurin wuya. Ita ce za ku gani a jikin mazan da ke karɓar kyautar Nobel a birnin Stockholm ranar 10 ga Disamba, da kuma jikin da yawa daga masu jagorantar manyan ƙungiyoyin kiɗan Turawa. A nan dai babu gardama, domin duk kwat ɗin da ake kira da wannan suna tana da tsagin. In babu shi, wata kwat ce daban.

Ma'aikacin Jirgin Ruwa:

Haka abin yake a wajen tuta. Tuta ce da aka yanke wa kusurwa daga gefen da ke kaɗawa, aka bar mata baki biyu masu tsini. A cikin tutocin saƙo na ƙasa da ƙasa da jiragen ruwa ke amfani da su, masu wakiltar haruffa 26, biyu ne kawai ke da wannan yanka, ta harafin A da ta harafin B. Ta A fara ce da shuɗi, kuma in jirgi ya ɗaga ta yana cewa akwai mai nutso a ƙarƙashin ruwa, a nisance shi a kuma rage gudu. Ta B ja ce, tana nufin ana lodi ko sauke ko ɗauke da kaya masu haɗari. Ƙasar Denmak tana da tuta mai kusurwa huɗu ta kowa da kowa, da kuma mai baki biyu ta hukuma da sojan ruwa. Ta sojan ruwan Suwidin da ta Norwe suna da ƙarin harshe a tsakiya, sun zama masu baki uku. A cikin jihohin Amurka 50, Ohayo ce kaɗai tutarta ba mai kusurwa huɗu ba ce, irin wannan yankan gare ta, tun 1902. In da ni ne zan fassara, "tuta mai baki biyu" zan ce, ba zan ɗauko tsuntsu ba, domin wanda ke kan teku yana bukatar ya gane abin da ake nufi nan take.

Kafinta:

Sallama ga kowa. Ni abin da zan ƙara zai ɗan rikita lissafin, amma ina ganin yana da amfani. Akwai haɗin katako da muke yi a kusurwar akwati ko aljihun tebur. A bakin allo ɗaya ana yanka haƙora waɗanda gindinsu ya fi ƙanƙanta, bakinsu ya fi faɗi, a ɗaya allon kuma a sassaƙe gurabe daidai da su. Idan aka zura su ta gefe suka zauna, ko an ja aljihun da ƙarfi ba za su zare ba, saboda faɗin bakin ba zai bi ta ƙuncin gindin ba. Jamusawa na kiran wannan haɗi Schwalbenschwanz, wato jelar tsattsewa, kuma da wannan kalmar dai suke kiran malam-buɗe-littafin da ake magana a kai. Faransawa na cewa queue d'aronde, Italiyawa coda di rondine, duka jelar tsattsewa. Ingilishi kuwa a nan bai ce tsattsewa ba, dovetail ya ce, jelar kurciya.

Duk wanda ya riƙe allon ya duba zai ga Ingilishi ya fi kusa da gaskiya, domin haƙorin ba shi da tsagi a tsakiya, buɗewa kawai ya yi kamar yadda kurciya ke baje jela idan za ta sauka. Amma kafintocin ƙasashe uku sun yi ɗaruruwan shekaru suna cewa tsattsewa, kuma akwatunansu ba su wargaje ba saboda haka. Wannan ya sa nake ganin maganar Baba tana da ƙarfi.

Ɗalibar Lissafi:

Kalmar ta shiga lissafi ma. René Thom, masanin lissafi na Faransa, ya jera siffofi bakwai na asali da ke bayyana yadda abin da ke canzawa a hankali kan yi tsalle farat ɗaya zuwa wani hali, a aikin da ya fitar a 1972. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin sunanta jelar tsattsewa, saboda in aka yanka zanenta ana ganin layi ya naɗe ya gitta kansa ya bar tsini biyu. Mai zanen nan ɗan Sifen, Salvador Dalí, ya gina zanensa na ƙarshe, na 1983, a kan wannan siffa. Abin da zai shafi Malama shi ne, a cikin bakwai ɗin akwai wata dabam mai suna malam-buɗe-littafi. Wanda ya saba fassara swallowtail da sunan ƙwaro, in ya zo nan zai haɗe siffofi biyu da masu lissafi suka raba.

Tsohon Malamin Hausa:

Madalla da waɗannan bayanai. Abin da na tsinta daga tela da mai jirgi da 'yata mai lissafi shi ne, kalmar tun asali ta siffa ce, abu mai tsini biyu da rata a tsakani, kuma kowace sana'a ta ara ta don bukatarta. Magina ma sun ara. Haƙoran da ke saman ganuwar Kremlin a Mosko, wadda magina Italiyawa suka gina daga 1485 zuwa 1495, kowannensu an tsaga kansa biyu, kuma da wannan sunan ake kiransu. Masana ƙwari su ne kaɗai suka ja kalmar har ta wuce siffar, suka yafa ta a kan waɗanda ba su da ita. Ke nan matsalar da Malam yake gudu ba Hausa ce ta haife ta ba, gadonta za mu yi idan muka bi Ingilishi sau da ƙafa.

Kuma ba dole ne mu bi shi ba. Wasu harsunan ba su ga tsattsewa a jikin ƙwaron ba sam. Faransawa, da suka ga tsattsewa a jikin katako, a nan porte-queue suka ce, mai ɗauke da jela, ba su ambaci tsuntsu ba. Sinawa sun haɗa dangin da wani tsuntsu na almara mai alfarma. Japanawa sun ce ageha, mai ɗaga fiffike, sun dubi yadda yake riƙe fikafikai a sama yana tsotsar fure, wato kusan alamar da Malam ya ambata tun farko. Kowa ya dubi abin da ya fi ɗaukar idonsa. In mun ga dama mu ma sai mu duba da namu idon. Amma ban yarda a bar ɗalibi da Papilionidae tsurarta ba. Kalma ce da harshensa ba zai iya juyawa ba, abin da baki bai iya faɗa ba kuwa kai ba ya riƙe shi.

Malamin Halittu:

Baba, a kan wahalar furuci ba ni da ja. Sai dai kalmar ba ta kai yadda ake tsoronta ba idan aka faɗa wa ɗalibi asalinta. Papilio da Latin malam-buɗe-littafi ne kawai, daga gare ta Faransanci ya sami papillon. Linnaeus, masanin halittu ɗan Suwidin, a 1758 ya zuba duk wani malam-buɗe-littafi da ya sani cikin wannan suna guda, daga baya masana suka yi ta rarrabawa har sunan ya rage a kan wannan rukuni. Za a iya rubuta "dangin Fafiliyo", kowane yaro zai iya faɗa, kuma ba ta yi masa alkawarin jela ba.

Akwai kuma abu na uku da Malama za ta kula da shi, wato inda aka rubuta littafin da take fassarawa. A Birtaniya nau'i ɗaya tak na wannan dangi ke zaune dindindin, Papilio machaon, wanda Linnaeus ya ba sunan wani likita na tatsuniyoyin Girka. A can ya taƙaita ne a fadamun Norfolk a gabashin Ingila, inda tsutsarsa ke cin ganyen wani tsiro guda na fadama, kuma shi ne mafi girman malam-buɗe-littafin ƙasar. Don haka marubucin Birtaniya in ya ambaci kalmar ita kaɗai, sau da yawa wannan nau'i ɗaya yake nufi, mai rawaya da baƙi, kuma shi yana da jelar da gaske. Marubucin Amurka kuwa yana da nau'o'i da yawa a ƙasarsa, shi ya sa yakan ƙara wata kalma a gaba, ya ce baƙi, ko mai zanen damisa, ko ƙato. Kalma ɗaya ce a takarda, amma tana iya nufin nau'i guda, ko dangi duka, ko siffa kawai, kuma ba lallai fassara ɗaya ta ɗauki ukun ba.

Mai Fassara:

Littafin na Birtaniya ne, kuma da na koma na duba da wannan ido na ga ma'anonin uku duk suna ciki. Ga yadda nake shirin yi, ku duba mini. A babin rabe-raben ƙwari, inda ake nufin dangi, na rubuta: "Dangin Fafiliyo, wato Papilionidae, suna da nau'i sama da 550. Da yawansu suna da ɗan tsawo a kowane fiffiken baya mai kama da jelar tsattsewa, amma wasu ba su da shi, kuma ana gane dangin ne ta tsutsarsu." A inda ake maganar nau'in Norfolk na bar sunansa na Latin na ƙara "mai jelar tsattsewa", tunda shi siffar ta dace da shi. Ƙarƙashin hoton na lemo kuma na sa "Fafiliyon lemo". Saura wuri ɗaya, a babin tsuntsaye, inda aka yi amfani da kalmar a matsayin siffar wata shirwa.

Tsohon Malamin Hausa:

"Fafiliyon lemo" ta yi mini daɗi a baki fiye da yadda na zata, kodayake har yanzu ina ganin da an ce "masu jela" ga dangin duka, aka bar malamin aji ya faɗi waɗanda suka fita daga ƙa'ida, da yara sun fi saurin kamawa. Littafinki ne, 'yata, kuma hujjar Malam ba ta wasa ba ce. Sai dai ki sa sunan Latin sau ɗaya kawai a farkon babin, kada ki yi ta maimaita shi a kowane shafi.

Ɗalibar Nazarin Ƙwari:

Game da shirwar, Malama, ki duba sunan Latin da ke gefen hoton kafin ki yanke, domin tsuntsaye biyu ne ke ɗauke da wannan siffa a Ingilishi. Elanoides forficatus na nahiyar Amurka ne, baƙi da fari, babba. Chelictinia riocourii kuwa na yankin Sahel ne, ƙarami, toka-toka da fari, kuma wasu littattafan suna kiransa mai jelar almakashi don kada a haɗa su. Duka biyun jelarsu ta gaske ce, ta gashi, kuma a rabe take sosai, don haka "shirwa mai jelar tsattsewa" daidai ce a kan kowannensu. Abin da za ki ƙara kawai shi ne kalmar da za ta nuna zurfin tsagin, domin shirwar da kowa ya sani ita ma jelarta tana da ɗan tsagi, kuma ɗalibi zai iya ɗauka ita ake nufi. In na Sahel ne a hoton, "ƙaramar shirwa mai doguwar jela a rabe" za ta fi raba gardama.